Ranar da Baba Shaho Ya Canja Farfela a Tsakiyar Kogi

"Riƙe min wannan, Tela," in ji Baba Shaho. Ya ɗora min farfela mai kunne huɗu a cinya, ya juya ya fizgi igiyar injin jirginsa na ruwa. Bai tashi ba. Ya dafa ƙirji ya ɗan huta, ya sake fizga, injin ya yi tari ya kama.

"Baba, sauke ni. Ban iya ruwa ba."

"Ba iyo na ce ka yi ba. Zauna a tsakiya ka riƙe abin da na ba ka."

Kafin in sake buɗe baki, gaɓa ta ja baya.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba shagon ɗinkina da gidansa. Tun yana saurayi aka laƙaba masa Shaho, lokacin da babu direban jirgin da ke riga shi tsallake kogin. Farkon daminar nan ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibiti, aka sallamo shi ƙafafu a kumbure, likita ya ce kada ya ɗaga abin da ya fi buta nauyi. 'Yarsa Auta ta baro gidan mijinta ta zo jinya. Komai ya haƙura da shi ban da abu ɗaya: kullum da hantsi sai ya gangara bakin ruwa ya tayar da injin jirginsa, wai kada ya yi tsatsa. Ni Auta ke haɗa shi da ni, in riƙe masa hannu a gangaren.

Ranar muna zaune a cikin jirgin yana goge injin da tsumma, sai muka ji hayaniya daga tsakiyar kogi. Jirgin fito ne, babban na katako, maƙare da mutane da babura da buhuna. Injinsa ya mutu. Ruwa kuwa ya cika ya yi ja, ya ɗauke shi a karkace yana gangarawa da shi wajen duwatsun ƙasan gari, inda ruwa ke tafasa ko da rani. Masu inji duk sun haura sama da kaya tun da safe. Abin da ya rage a gaɓa 'yan kwale-kwalen masunta ne, sai jirgin tsoho.

Farfela biyu gare shi, kuma na sha labarinsu a shago har na haddace. Mai kunne uku siririya ce, kunnuwanta a karkace sosai, ita ce ta gudu. Mai kunne huɗu faffaɗa ce, kunnuwan a kwance-kwance, ita ce ta jan kaya. Wata rana ya taɓa nuna keken ɗinkina ya ce, "Kai ma ai ka san abin. In kana sauri ka buɗe ɗinki, allura ta yi ta tsalle. In wandon lebura ne mai kauri ka matse shi, ka tafi a hankali. To ta gudu ruwa mai yawa take yanka kowane juyi, amma ɗaura mata nauyi ka gani, inji zai shaƙe, ya yi ta gurnani yana wuri ɗaya. Ta ja kuma kaɗan-kaɗan take ɗiba, inji ya sake, ta ja maka ko gida ne. Sai dai akuya ma za ta riga ka isa."

Shi ya sa da na ga ta jan kaya ce a cinyata, na ɗaga murya.

"Baba, ta gudu ce a jikin injin. Ba ka ce ba ta ja ba?"

"Ba ta ja."

"To me ya hana ka sa wannan tun a gaɓa?"

"Da wannan muka taso, sai dai mu je mu tsinto takalma."

Ya murɗa hannun injin har ƙarshe. Hancin jirgin ya ɗaga sama, na daina ganin gabanmu, iska ta cika min riga. Ruwa ya rabu biyu a bayanmu, fari tas. Na juya in roƙe shi ya rage, sai na tsaya ina kallonsa. Mutumin da nake riƙe wa hannu kullum, wanda sai ya tsaya sau da yawa kafin ya gama gangare, ba shi ne zaune a wurin ba. Bayansa a miƙe, idanunsa a ƙanƙance, yana karanta ruwan kamar rubutu. Guntun icce ya taso a gabanmu, ya kauce masa tun ban gan shi ba. Inda ruwa ke murɗawa ya bi ta gefensa, ya bar ruwan ya ƙara mana gudu. Na sha jin tsofaffi na ba da labarin Shaho, na ɗauka ƙari ne irin na hira. Ashe ragewa suke yi.

Muka cim ma jirgin fiton. Mata sun rungume yara, maza na ta tuƙi da allunan zama da kwanuka, ba abin da suke ƙara wa jirgin sai juyi. Baba ya zagaya ta gabansa ya rage wuta, ya jefa igiya. Mai fiton ya cafe ya ɗaure a hancin jirginsa.

Sai Baba ya kashe injin.

Shirun da ya biyo baya ya fi ihun ban tsoro. A cikinsa na fara jin duwatsun, wani ruri mai kauri can ƙasa.

"Baba, naka ma ya mutu?" in ji mai fiton.

"Ni na kashe. Ka ce su zauna, kowa a inda yake." Ya dube ni. "Zo ɗaga min injin nan. Ni an hana ni ɗaukar nauyi."

Na ɗaga, ƙafar injin ta fito daga ruwa tana ɗiga. Ya ciro filaya da sifana da guntun katako daga ƙarƙashin mazauninsa, ya kwanta rub da ciki a ƙarshen jirgin, rabin jikinsa a saman ruwa. Na damƙi ɗamararsa da hannu ɗaya, ɗayan kuma na rungume farfelar. Ta cikin rigar ina jin yadda haƙarƙarinsa ke fama da numfashi.

Ya miƙe ɗan siririn ƙarfen da ke hana noti kwancewa, ya zare shi. Ya soka katakon tsakanin kunnuwan farfelar don kada ta juya, ya sa sifana. Notin ya ƙi. Ya ɗora ƙirjinsa a kan sifanar, wancan ƙirjin da likita ya yi ta ja masa kunne a kansa, ya danna. Notin ya yi ƙara ya saki.

"Buɗe baki."

"Me?"

"Hannunka na rawa. In ɗaya ya faɗa ruwa mun gama."

Ya cusa min notin da ɗan ƙarfen a baki. Har gobe ina tuna ɗacin man nan.

Ya zare ta gudun, ya miƙo ta baya ba tare da ya waiwayo ba. Babu hannun da zan karɓa da shi. Ya ɗan jira, ya gane. Ya jawo ta gaban fuskarsa ya dube ta, wannan farfelar da yake gogewa da toka har ta yi ƙyalli, wadda ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa. Sai ya buɗe yatsunsa. Na ga ƙyallinta yana juyawa cikin jan ruwan, sannan babu.

"Miƙo."

Na miƙa masa mai kunne huɗu. Jirage biyun suna ta juyi tare, suna gugar juna. Rurin ya matso har na fara ganin farin kumfa ta saman kansa. Wani a jirgin fiton yana ta salati a hankali, wani jariri na kuka. Shi kuwa Baba yatsunsa ba su yi sauri ba, ba su kuma yi jinkiri ba. Ya zura farfelar, ya juya ta har ta zauna, ya miƙo tafin hannu na tofa masa notin. Ya ɗaure, ya mayar da ɗan ƙarfen, ya lanƙwasa bakinsa da filaya.

Na jawo shi ciki. Leɓɓansa sun yi toka-toka.

"Sauke injin. Kai za ka ja igiyar, ni na ƙare nawa."

Ban taɓa tayar da injin jirgi ba. Na fizga da duk tsoron da ke cikina, ya kama.

Muryar injin ta canja, ta zama mai kauri, kamar ba shi ne ya kawo mu ba. Igiyar ta fito daga ruwa ta miƙe, tana feshin ruwa saboda tsananin ja. Ƙarshen jirginmu ya nutsa har ruwa ya leƙo ciki. Na zaci zai nufi sama, sai na ga ya karkata hanci wajen gaɓa.

"Ba za mu iya da shi a sama ba," ya ce, kalma ɗaya-ɗaya. "Gefe za mu zame da shi."

Da fari ban ga alamar muna motsi ba. Sai na lura da wata bishiya a gaɓa tana ƙara girma. Ƙaton jirgin nan, da mutanensa da baburansa, ya daina juyi, ya miƙa hanci ya biyo mu kamar saniyar da ta san mai ita. Dutsen farko ya wuce ta bayansa, kusa har wani mutum ya kai hannu ya tura shi. Aka ji katako ya goga, mata suka runtse ido. Daga nan ruwa ya yi laushi, muka shiga cikin ciyayin bakin gaɓa, ƙasan jirgin fiton ya zauna a kan yashi.

Mutane suka yi ta dirowa cikin ruwa har gwiwa. Baba bai motsa ba. Hannunsa ya ƙage a kan hannun injin, sai da na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

A kan kujera aka ɗauko shi zuwa gida, jama'a na biye, ba mai magana da ƙarfi. Auta ta tare mu a ƙofa. Ba ta dubi kowa ba sai ni.

"Yaya Tela, amana na ba ka."

"Ƙyale shi," in ji Baba daga kan kujerar. "Sato shi na yi."

Aka kai shi asibiti, likitoci suka duba, suka ƙara magani, suka yi wa Auta magana a gefe. Da ta dawo ba ta sake yi masa faɗa ba. Ya ce gida yake so, aka mayar da shi gida.

Kwanakin da suka biyo baya na rufe shago, don ko na buɗe ba a jin ƙarar keke saboda masu shiga da fita gidansa. Wasu ko sunansa ba su sani ba, su dai tsaya daga bakin ƙofa su dube shi su tafi. Wata mata ta zo da jaririnta ta ajiye shi a gefen tabarmarsa, shi kuma ya bar yaron ya yi ta wasa da yatsarsa. Mai fiton ya zo ya durƙusa.

"Baba, na aika a nemo maka irin wadda ta faɗa ruwa. Mai kunne uku."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ta gudu? Ina zan je? Kai dai ka riƙa tace manka, ruwa ne ya shiga."

Ranar ƙarshe da la'asar ya ce a fito da shi tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ƙafafun sun kumbura har fatar na sheƙi. Ya ce yana so ya tsoma su a ruwa, amma ba na famfo ba. Na gangara na ɗebo masa na kogi a bokiti, Auta ta juye a babbar roba, ta ɗaga ƙafafun ta saka a hankali, ta koma bakin murhu. Ƙafafun na ɗan karkarwa, ruwan na ta rawa a cikin robar.

"Tela."

"Na'am, Baba."

"Ka ga yadda jirgin ya ɗaga hanci kuwa?"

"Na gani. Na kuma ga mutuwata."

Ya murmusa, idonsa a lumshe. "Rabon da in buɗe masa wuta haka, tun mahaifiyar yarinyar nan na da rai. Ita ce ta hana ni." Ya ja numfashi ya huta. "Kada ka gaya wa Auta. Mutanen nan, Allah ne ya yi da sauran kwanansu, na kuma gode masa. Amma gudun nan, Tela... ya yi min daɗi."

"Ina jin ka, Baba," in ji Auta daga bakin murhu. Ba ta juyo ba, amma na ga ta kai gefen mayafi fuskarta.

"To ai shi ke nan, na huta da ɓoyo."

Ya jingina kai da gindin bishiyar. Na ci gaba da yi masa fifita, ina ba shi labarin wani da ya kawo min yadi kaɗan yana son babbar riga. Na jira dariyarsa ban ji ba. Leɓɓansa sun ɗan motsa da kalmar shahada, sannan suka tsaya.

Ban kira Auta nan take ba. Na sunkuyar da kai, idona ya faɗa kan robar. Ruwan ya kwanta lif, har ina ganin ganyen mangwaron da ɗan yankin sama a cikinsa, tsakanin ƙafafunsa biyu.