Garantin A-kori-kurar Malam Rufa'i

Wata goma sha ɗaya da sayen a-kori-kurar Malam Rufa'i, injinta ya yi wata ƙara kamar an jefa cokali cikin injin markaɗe, ya tofar da farin hayaƙi, ya mutu a gangaren fita daga Tiga. Kwando talatin na tumatir ne a bayanta. Da shanun maƙwabci aka ja ta zuwa ƙofar gida.

Sabuwa fil ya saye ta a wani kamfanin dillancin motoci a Kano, bayan ya rabu da bijimansa da gonar tudu. Ita ce ke kai tumatirin lambunsa kasuwa kafin rana ta dafa shi. Ba ita, ba noman rani.

Bushra, babbar 'yarsa mai koyarwa a wata sakandare a Kiru, ta iso washegari a kan acaɓa. Ta tarar da maza sun kewaye motar suna jajantawa, kowa na cewa a yi haƙuri, haka Allah ya so. Ta gaishe su a durƙushe, amma zuciyarta tafasa take yi. Ƙarfen da bai shekara ba ya lalace, an zauna ana masa zaman makoki, babu wanda ya tambayi wanda ya sayar da shi.

"Baba, ba sun ba ka garanti ba?"

"Sun ba ni, Malama. Na shekara biyu. Yana nan lafiya lau."

Ya shiga ɗaki ya buɗe adaka, ya ɗauko wani ƙunshi. Leda ce a waje, sai tsumma, sai jakar fata. A ciki littafin garantin yake, fari tas, ko gefensa bai lanƙwashe ba, yana ƙamshin kafur. Bushra ta ji hankalinta ya kwanta. Ba ta buɗe shafukan baya ba.

Ranar Litinin suka tafi Kano. Manajan sashen gyara, wani mai suna Abdussamad, ya karɓe su da fara'a a ofis mai sanyi, ya sa aka kawo musu ruwa. Ya miƙa hannu. Malam Rufa'i ya ɗora littafin a kan tebur, amma bai ɗauke yatsunsa daga kai ba, sai da Bushra ta taɓa shi. Manajan ya buɗa shafi bayan shafi, fara'ar tana raguwa.

"Baba, ai ba a taɓa yi wa motar nan sabis ba."

"Sau huɗu na kawo ta nan gidan. Da kaina."

"To ina hatimi? Duba nan. Duk sabis akwai gurbinsa, a rubuta kwanan wata da kilomita, a buga hatimi. Naka huɗun nan babu ko ɗigon biro."

"Ai shi ya sa ban kawo littafin ba, kada a ɓata shi. Wani dogo mai tabo a goshi, shi yake karɓar makulli. Kullum in ya tambaya na ce yana gida, sai ya ce ba komai Baba, wani zuwan."

"Ghali ke nan. Ya bar aiki tun kafin azumi."

Bushra ta gyara zama. "Yallaɓai, ku duba kwamfutarku. Mota ba za ta shiga garejinku sau huɗu ba tare da an rubuta ba."

"Hajiya, sabis ɗin shekarar farko kyauta ne, ba ya bi ta kwamfuta. Littafin shi ne shaida."

"Wato ma'aikacinku ya ga dattijon da bai iya karatun boko ba, sau huɗu, bai taɓa ce masa in babu hatimi babu garanti ba. Yanzu kuma laifin ya zama nasa?"

"A rubuce yake a shafi na uku."

"Da Turanci."

"Ni ban rubuta ba, Hajiya." Ya rufe littafin ya turo shi a hankali. "Abin da zan iya, in aika bayani hedikwata a Legas. Su suke yanke hukunci. Amma ku ji da kyau, kada wani bakanike ya taɓa injin nan. Akwai jan fenti a kan notunansa. Aka kwance ko ɗaya, magana ta ƙare."

"Yaushe za su amsa?"

"Ba sa jimawa sosai. Wata biyu, uku."

"Tumatir ne a gona, ɗana," in ji Malam Rufa'i. "Mako uku ya rage a gama tsinka."

"Allah ya kawo mafita, Baba."

A cikin bas, sai da suka wuce Kura sannan Bushra ta iya magana. "Baba, me ya sa? Littafi ne fa na aiki, ba laya ba."

Ya kalli gonakin shinkafa ta taga. "Ina da shekara goma aka tashe mu saboda za a gina dam. An ba kakanki takardar gonakinsa, aka ce da ita zai karɓi madadi. Wani ma'aikaci ya zo ya ce a kawo zai sa hannu ya dawo da ita. Ina tsaye aka ba shi. Har kakanki ya rasu yana zuwa ofis ana ce masa ina takardarka. Tun ran nan na ce takarda in ta shigo hannuna, ba mai ƙara taɓa ta."

Bushra ta shirya faɗa, sai ta ga babu wanda za ta yi da shi a cikin motar nan.

Ta ɗauki hutun kwana biyar a makaranta. Ta rubuta takardar koke shafi uku, ta nemo direbobi biyu da suka taɓa raka shi garejin suka sa hannu. Ta kai wani ofishin gwamnati mai sauraron koken masu sayayya. Ranar farko an ce mai karɓa ya fita. Rana ta biyu ta zauna a benci tun safe har la'asar. A gida kuwa mata suna shigowa suna ce wa mahaifiyarta, a ja wa Bushra kunne, mace ba ta ja da kamfani, a bar wa Allah. Wannan maganar ta fi ta manajan ƙona mata rai. Shi aikinsa ke nan ya hana. Su kuwa me aka ba su da suke taya shi?

Tumatir bai jira kowa ba. Duk motocin garin suna kan nasu kayan, wanda ya yarda ya ɗauka sai bayan azahar, lokacin da kasuwa ta watse. Kwanduna suka jeru a bakin lambu suna zubar da ruwa, ƙudaje sun rufe su. Malam Rufa'i ya daina cin abincin rana. Kullum da safe ya ɗauko tsumma ya goge motar, ya zauna a inuwarta.

"Baba, ka ba ni kwana goma," ta ce masa a waya. "Kada ka bari a taɓa ta."

"To, Malama."

A rana ta tara ofishin koken ya ba ta wasiƙa mai hatimi. An gayyaci kamfanin zama ranar ashirin ga watan gobe, an kuma umarce su su turo injiniya ya duba injin a yadda yake. Ta riƙe ta a ƙirji tun daga Kano har Tiga.

Tun daga kan kwana ta hango bakin motar a buɗe. An shimfiɗa buhuna a ƙasa, kayan inji a jere a kai, baƙin mai ya jiƙa ƙasa. Audu bakanike, wanda ke gyara injinan ban ruwa na garin, yana tsugune da sifana a hannu. Notuna masu jan fenti suna cikin wani kwanon sha.

"Sannu da zuwa, Malama," in ji Audu, yana murna da abin da ya gano. "Zo ki gani da idonki. Kin ga tsagar nan a jikin bulok ɗin injin? Dubi cikinta, duk ramuka kamar burodi. Tun wurin zubin ƙarfen aka yi kuskure. Ko sabis ɗari aka yi sai ta fashe. Daga kamfani ta zo da ciwonta."

Bushra ta kalli mahaifinta. Yana zaune a kan kwando da aka kife, ya ƙanƙance cikin rigarsa.

"Rabin lambun ya ruɓe," ya ce, bai ɗago ba. "Na ce ko ƙaramin abu ne, ya ɗaure min in kwashe sauran."

"Zai gyaru, Malam Audu?"

"Wannan? Sai dai sabon inji. Amma ki kai musu bulok ɗin su gani, ai ba su da bakin magana."

Ta kira lambar Abdussamad a nan tsaye, ta gaya masa abin da aka gani. Ya saurara har ta gama.

"Wa ya gani, Hajiya?"

"Bakanikenmu."

"Ya buɗe ke nan."

"Ya buɗe."

"To ai kin ji abin da na faɗa a gaban Baba. Ku yi haƙuri."

Ta sauke wayar. Audu yana tambaya ko ya mayar da kayan ko ya bar su a waje, don akwai mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke zuwa ranar Laraba. Malam Rufa'i ya ce ya bar su.