Matashin Aki Ngumbang

"Ajiye min gwangwanina, Endu! Na ce ki ajiye!"

Indai Rinya, wadda tsohon ke kira Endu, wato yarinya, ko waiwayowa ba ta yi ba. Tana tsaye kan kujera a kicin ɗin maƙwabcinta, Aki Ngumbang, hannunta cikin ragar da ke bisa murhu, inda ake busar da itace. Ta zaro gwangwanin biskit, baƙi ƙirin da hayaƙi. Albarushi ne maƙil a ciki, ga ledar harsasai a gefe.

"Bisa wuta, Aki? Yau ma?"

"Danshi ke kashe albarushi," in ji tsohon daga kan tabarma, tari yana sarƙe shi. "Hayaƙi ne maganinsa. Tun ba a haifi uwarki ba nake ɗura harsashina da hannuna."

"To, mu kuma maganin naka ne zai kashe mu!"

Abin da ke cin ranta ke nan. Dogon gidansu katako ne tun daga dogayen ƙafafun da ke ɗauke da shi har rufi, ƙofa na bin ƙofa a baranda ɗaya, kuma falle guda ya raba murhun Aki da ɗakin da jikokinta ke kwana. Bara wani dogon gida a gangaren kogi ya ƙone ƙurmus kafin tukunyar shinkafa ta nuna. Shi ya sa shugaban gida ya ajiye akwatin ƙarfe mai kwaɗo a rumfar bakin ruwa, kowane maharbi ya kai nasa, ban da wannan tsoho mai kan dutse. Mutumin da rabonsa da ganin aladen daji tun yana da haƙora!

Ta kai gwangwanin akwati da kanta. A banza. Washegari, mutane na gona, aka hango shi yana dogara sanda zuwa bakin ruwa, mabuɗin akwatin da aka ba kowane maharbi a wuya. Da ta duba, gwangwani wayam.

Ta birkice ɗakinsa kaf: raga, tuluna, buhun shinkafa, har cikin takalman robarsa. Shi kuwa yana kwance yana kallonta, yana murmushi da dasashi.

"Ina ka kai shi, Aki? Don Allah."

"Yana inda wuta ba ta kai. Hannunki ma bai kai."

Haushi ya kusa kashe ta, amma da la'asar ita ce dai ta kawo masa kunun shinkafa, tana ba shi a baki tana mita. Ta miƙa hannu ta cire rigar matashin kansa ta wanke, don ta yi dauɗa, ya danne da ƙeya.

"Bar min kayana. Ke komai sai kin taɓa."

"Ka kwana da ƙazantarka," ta ce, ta goge masa haɓa.

Ranar Laraba da safe ba ta ji tarinsa ta bango ba. Ta shiga, ta tarar ya tafi, hannunsa ɗaya ƙarƙashin kunci. Ta tsaya a kansa, hawaye na zuba, kuma abin da ya fara fita bakinta shi ne, "Ka mutu ba ka faɗa min ba, ko?"

Aka wanke shi, aka shimfiɗe shi a baranda. 'Yarsa Sulah ta iso daga birnin Sibu da hantsin washegari, ta leƙa ɗaki ta toshe hanci. Ta ce ciwon tari ne, sai an ƙone shimfiɗar duka. Da yake ana yayyafi, sai ta haɗa wutar dab da gindin matakala, a inuwar gida, ta zuba kalanzir. Tabarma ta shiga, bargo ya bi.

Indai Rinya na sama tana raba wa masu makoki shayi, ta ji muryar Sulah daga ƙasa.

"Kai, Apai babana! Wannan matashi kamar an cusa masa tsakuwa."

Buta ta suɓuce mata. Ba ta san yadda ta sauko matakalar nan ba, ita da gwiwa ke ciwo. Matashin ya riga ya faɗa gefen wuta, kusurwarsa ta fara hayaƙi. Ta fizgo shi, ta ruga ta danna shi cikin tankin ruwan sama, ta danne da hannu biyu har ya daina kumfa.

"Indai Rinya, lafiya?" in ji Sulah.

Indai Rinya ta farke ɗinkin da haƙori. Audugar rimi ta fito a jiƙe, sai harsasai ja-ja, sai ledar albarushi, sai tsofaffin kwansunan harsashi da ya tara don ɗuri. Sulah ta dubi wutar, ta ɗaga kai ta dubi daɓen da yara ke zaune a kai, ta zube a ƙasa.

"Tsohon banza!" Indai Rinya ta ɗaga murya ta fuskanci baranda. "Kana kwance a can lafiya lau, ka bar mu mu tashi sama! Da ranka ka hana ni barci, ka mutu ma ba ka bar ni ba!"

Ba wanda ya tsawata mata. Shugaban gida ya kwashe harsasan ya kai akwati. Albarushin kuwa Indai Rinya ta fasa ledar ta juye a kwano, ta cika shi da ruwa, tana kallo ya zama baƙin kunu. Danshin da Aki ya yi ta gudu tsawon ransa ke nan, sai ta ji kuka ya ƙwace mata.

Da rana ta fito, sai ta shanya audugar. Ta wanke rigar matashin da ya hana ta wankewa, ta mayar da audugar da kwansunan wofi, ta ɗinke. Kafin a rufe akwatin gawa, ana jera masa addarsa da kwanonsa na tafiya, ta matso ta ɗaga kansa a hankali, ta tura masa matashin. Kwansunan wofi suka yi ɗan kacau a ciki.

"Ga kayanka nan, Aki," ta ce. "A bushe suke."