Zarton Tsoho Clarrie

Tun da hantsi rediyo ya ce mutanen saman kwarin Huon su tattara su sauka gari, wutar daji ta tsallako tudu. Noeleen ta ɗauki magungunanta da jakar hotuna, ta shiga a-kori-kura ta zauna. Mijinta Athol Direen kuwa sai ya nufi sito.

Zartunan inji arba'in da uku gare shi a siton nan, duk tsofaffin yayi, kowanne ya wanke shi ya yi masa fenti ya jera a kan kantar sito. Shekara talatin ya yi yana rabon wasiƙu a garin Geeveston, bai taɓa kada ko da bishiyar tuffa ba, amma in ana zancen zarto bakinsa ba ya shiru. Wanda ya fi so shi ne na surukinsa, marigayi Tsoho Clarrie, baban Noeleen, wanda ya ƙare rayuwarsa yana saran daji. Zarton na mutum biyu ne. Ɗaya ya riƙe injin, ɗaya ya riƙe mariƙin da ke can ƙarshen harshen, kuma harshen kaɗai ya kusa tsawon mutum. Athol ya tsince shi cikin tsatsa, ya shekara shida a kansa, ya shafe shi da jan fenti har hawa uku.

"Kai mai fenti!" Noeleen ta ƙwala masa kira ta taga. "Ƙarfe za ka tsaya ɗauka? Fito mu tafi!"

"Na babanki ne fa, tsohuwa."

"Baba yana kabarinsa, bai aiko ka ba."

Bai saurare ta ba. Ya jingina katako, ya yi ta jan zarton yana nishi har ya hau bayan mota. Wannan ya ci musu minti ashirin.

Hanya ɗaya ce tak daga gidansu zuwa kwalta, hagu gangare, dama dutse. Suna shan kwana ta uku Athol ya taka birki. Wata ƙatuwar bishiyar turare ce kwance ta tare hanya, kaurinta ya kai ƙirjinsa, ganyenta ko gama kaɗawa bai yi ba. Yanzu-yanzu iska ta kada ta. Da sun fito lokacin da matar ta ce, da tuni sun wuce.

Ya duba waya, babu layi. Ya waiwaya, sararin da ke bayan gidansu ya koma ja, rana ta zama kamar kwano mai tsatsa, ƙonannun ganye suna saukowa a kan gilashi. Gaba kura, baya sayaki. Tsoro ya kama shi sosai.

Ya ɗauko ƙaramin zartonsa na yankan itacen murhu, ya dubi harshensa, ya dubi gungumen, ya mayar da shi. Ko rubu'in kaurin ba zai ci ba.

"Sauko da na Baba," in ji Noeleen. Ta riga ta fito tana naɗe hannun riga.

"Wa zai riƙe mini kan?"

"Aljanu. Wa kake gani a nan ban da ni?"

Shekarunta sittin da takwas, kuma sanyin ƙashi ya lanƙwasa mata yatsu, har murfin kwalbar zuma sai ta miƙo masa ya buɗe. Ya so ya yi magana, ta harare shi. Suka sauko da zarton tare. Ya zuba masa fetur daga jarkar ƙaramin, ya cika wajen man sarƙa. Ta zagaya ta wajen saiwar, ta tsaya a ɗaya gefen gungumen, ta kama mariƙin da hannu bibbiyu.

Ja biyu ya yi wa igiyar, injin ya tashi da rurin da Athol yake taƙama da shi. Duk shekara a bikin gari yakan tada shi, jama'a su toshe kunne suna tafi, bayan minti ɗaya ya kashe ya goge shi da ƙyalle. Yau ne karo na farko da haƙoran sarƙar suka taɓa itace a hannunsa. Garin katako ya yi ta feshi, harshen ya nutse taƙi ɗaya, ya nutse taƙi biyu. Sai injin ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu.

"A'a, a'a, kada ka yi mini haka," in ji Athol.

Ya ja igiya har kafaɗarsa ta yi ƙara. Ya kwance fulogi ya duba, fes yake, ya mayar. Ya buɗe tanki, mai yana nan, ya rufe. Da ya sake ja, injin ya tashi kamar ba abin da ya faru. Suka ci wani taƙi biyun, ya sake mutuwa.

Yanzu ana jin wutar da kunne, wani irin gurnani daga bayan tudu. Wani garwashi ya faɗo a kan hularsa, ya kakkaɓe. Athol ya durƙusa a gaban injin. Babu kusar da bai kwance da hannunsa ba a jikinsa, ya san shekarar da aka ƙera shi da sunan masana'antar, amma bai san abin da ke damunsa ba. Hawaye suka zubo masa, bai ma damu ya ɓoye ba.

"Na kashe mu, Noeleen. Komai nasa sabo ne, wallahi komai na gyara."

"Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Tashi! Sake buɗe tankin nan, a hankali, ka yi mini shiru."

Ya murɗa murfin. Ta karkato da kai ta saman gungumen. Wani ɗan sauti ya fito, kamar mutum ya ja iska ta tsakanin haƙora.

"Ka ji? Numfashi yake nema. Miƙo murfin."

Ya miƙa mata. Ta juya shi a tafin hannu, ja wur, sumul, yana ƙyalli.

"Ina hujin?"

"Wane huji?"

"Kai, Athol! Akwai ɗan huji a tsakiyar murfin nan, kamar na allura. Ta nan iska ke shiga mai ya sauka. Kullum da asuba Baba sai ya tsokace shi da tsinke kafin ya sha shayi, ni nake riƙe masa fitila. Ka bi ka liƙe shi da fentinka!"

Hawa uku, kuma tsakanin kowane hawa sai da ya bi da sanfefa don kada a ga ko ɗigo. A bikin gari bai taɓa barin injin ya wuce minti ɗaya ba, balle ya nuna halinsa.

"Mu bar shi a buɗe mana," ya ce.

"Fetur yana fantsama, wuta tana zubowa daga sama? Ba ni makullin mota."

Ta kasa riƙe makullin da kyau, yatsun suka ƙi. Ta mayar masa da shi tare da murfin. Athol ya kafa bakin makullin a kan fentin da ya yi sati yana lallaɓawa, ya kankare shi har farin ƙarfe ya fito. Ga ɗan tabon nan a tsakiya. Ta zare fil daga wuyan rigarta, ya soka, ya busa, iska ta wuce.

Wannan karon injin bai mutu ba. Muryarsa ma ta sauya, ta yi kauri, ya riƙa cin itacen yana jan su.

"Kada ka danna, bar shi ya ci da kansa!" Noeleen take ihu. "Weji! Sa weji kafin ya matse harshen!"

Ya cusa wejin, wani guntun katako mai tsini, a bakin yankan, ya buga shi da ƙafa. Yanka na farko ya fita. Suka matsa taku huɗu suka kafa na biyu. Hayaƙi ya rufe su har ba ya ganin fuskarta, sai dai yana jin ta a jikin ƙarfen, duk lokacin da ya karkace sai ɗaya kan ya daidaita shi. Bai san minti nawa suka yi ba. Ya dai ji zarton ya faɗa fanko, guntun ya motsa.

Ya kashe injin, ya ruga ya ɗaura sarƙar jan mota a wani kututturen reshe na jikin guntun, ya sa giyar baya. Tayoyi suka yi ta haƙa, guntun ya juya da ƙyar, ya mirgina gangare. Hanya ta buɗe daidai faɗin mota.

"Noeleen, shigo!"

Ba ta zo ba. Ya same ta durƙushe inda zarton ya sauka, hannayenta biyu a kan mariƙin.

"Sun ƙi buɗuwa," ta ce a hankali. "Tun yankan farko ba na jin su."

Ya durƙusa ya riƙa ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana cije leɓe. Tafin hannun duk ya saluɓe, ya yi ja, bai iya raba jininta da fentinsa ba. Bishiyoyin da ke kwana ta biyu sun riga sun kama wuta.

Ta dubi zarton, garin katako da baƙin mai sun rufe shi.

"Haka na san shi," ta ce. "In za ka ɗauka, yi maza, sai dai ba ni da hannun taya ka."

Athol bai ko kalle shi ba. Ya sa hannu ya ɗago ta, ya kai ta mota, ya ɗaura mata bel da kansa.