Garin da Zabi Ke Cinye Sunaye

Jiya da dare, bayan na kashe fitila, na yi wani mafarki da har yanzu nake jin sa a ƙafata ta dama.

Na tsinci kaina a kan wata jar hanya, sanye da hijabina na makaranta, ba takalmi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa yana tafiya sama, don haka duk wanda na wuce ya juya lemarsa ya riƙe ta ƙarƙashin haɓa. Ban yi mamaki ba. Na tattare bakin zanena na ci gaba da tafiya.

A bakin gari akwai bishiyoyi jere, kuma maimakon 'ya'ya, riguna suke yi. Wasu sun nuna, wasu ɗanyu ne shar. Kowace riga da kalma ɗinke a ƙirjinta, na hannun dama da rubutun Larabci, na hagu da boko. Na karanta su duka ban yi tuntuɓe ba. Ni Barira ce. Turanci da Larabci na haɗa a kwalejin horar da malamai, a lokacin da ake ce mini ɗaya ma ya fi ƙarfin kan mace.

Mutum biyu suka fito tarbata. Ɗaya dattijo ne mai ƙamshin turare, tafiya yake amma ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, an rubuta Fauzu a rigarsa. Ɗayar doguwar mata ce da ta kifa kofin azurfa a kanta a madadin ɗankwali, 'yan badujala na biye da ita. An rubuta Bikitori a tata, wato nasara da Turanci, kamar yadda Fauzu yake da Larabci.

"Sannu da zuwa, baƙuwa," in ji Malam Fauzu. "Da suna kika zo?"

"Allah gafarta Malam, da wa zan bar shi?"

"To, ki riƙe shi da kyau. Nan garin ba a yawo da suna. Duk baƙon da ya shigo sai ya yi langa. Wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa, sunansa zai faɗo daga bakinsa kamar ƙwayar dawa, zabi su tsince. Sai mu tsinko masa riga."

"Langa ai wasan yara maza ne," na ce. "Amma ban ƙi ba. Mazan unguwarmu ma da kuka suke komawa gida."

Madam Bikitori ta yi dariya, 'yan badujala suka buga mata dariyar da ganga.

Sai ga mu a tsakiyar kasuwa, ban san yadda muka zo ba. Malam Fauzu yana nuna mini danginsa da bakin carbi.

"Wancan mai farin rawani Nasru ne, babbanmu. Ba ya zuwa wa mutum shi kaɗai, kullum da taimako yake tafe. Na kusa da shi Fathu, aikinsa buɗe ƙofa, ko da babu gida. Galaba kuwa ai kin san ta, ita da Hasara sun daɗe da yin aure a ƙasarku har sun manta hanyar gida. Ni nawa mai sauƙi ne: mutum ya sami abin da ya nema, ya kuma fita lafiya."

"Mu ba mu da dogon wa'azi," in ji Madam. "Win ga shi can, ya zo ya wuce kamar atishawa. Tirayamf ba ya fitowa sai an share hanya an tara jama'a. Ni ce ta tsakiya, ni ake ɗauka hoto."

Wata mata ta wuce mu da gudu, takalmanta a hannu, tana waiwaye ko da yake ba mai bin ta. Malam ya ce Hazima ce, wato shan kaye da Larabci, tun da aka san ta ba ta taɓa zama ba. A gindin bango wani mutum da laktaye yana miƙa wa duk mai wucewa hannu yana cewa, "Ba komai, ba komai," hawaye na zuba a kwalarsa. Madam ta ce Difit ne, shan kayen Turanci, akwai ladabi.

"Cikin rigunansu biyu wacce za ki fi so in kin faɗi?" ta tambaye ni.

"Hajiya, ki ajiye wa wadda za ta faɗi."

Filin langar fari ne fat kamar faifai. Alƙaliyar wasa wata tsohuwar zabuwa ce da usur a wuya, sauran zabin sun kewaye filin suna kallon bakina.

A tsakiya na ga wadda zan kara da ita. Mace ce da ta kai sa'ar gwaggona, siririya, ta kama ƙafar hagu ta baya da hannun dama, tana tsaye a kan ɗaya. Daɗewar da ta yi a haka har kabewa ta tsiro a gindinta, ta naɗe ƙafar, ta hau kafaɗa, ta yi fure. Tsuntsaye sun yi sheƙa a ɗankwalinta. Rigarta ta koɗe, amma babu rubutu a kanta ko ɗaya. Ban taɓa ganin mutum ya tsaya kyam irin haka ba. Wuyanta a miƙe kamar ta ɗauko tulu.

"Ina wuni, Gwaggo."

"Lafiya lau, 'yar nan. Sunana Hansatu."

Da ta faɗi haka sai wasu masu riguna suka sunkuyar da kai, wasu suka motsa leɓe kamar suna neman abu a tsakanin haƙora.

Zabuwa ta busa usur. Na kama ƙafata na yi tsalle na kai mata kafaɗa da duk ƙarfina. Ta ɗan karkata kamar karan gero a iska, na wuce. Na dawo ta hagu, ta karkata dama. Na zo ta baya, ta ce, "Yi a hankali da furen." Ko sau ɗaya ba ta kawo mini hari ba.

Rana ta faɗi ta fito, ta faɗi ta fito, kamar guga a rijiya. Ƙafata ta fara zafi, ta koma wuta, daga baya na daina jin ta. Na san wannan ciwon. Na taɓa rubuta jarrabawa da zazzaɓi, takarda na rawa a gabana, mai gadin ɗaki yana cewa in fita in huta, na ce masa sai dai a fitar da ni da kujerar. Na cije leɓe na tsaya ina huci a gaban Hansatu.

"Gwaggo, me ya sa ba kya ramawa? Raini ne?"

"Wa zai raina mai irin wannan kafaɗa? Saura kaɗan ki karya mini haƙarƙari." Ta rage murya. "Sun gaya miki abin da ake yi wa wadda ta faɗi. Sun gaya miki na wadda ta kayar?"

"Kofi ake ba ta, ina ji."

"Dubi Malam. Tambaye shi sunan da aka raɗa masa ranar suna."

Na juya na tambaye shi da ƙarfi. Malam Fauzu ya buɗe baki ya rufe. Ya taɓa aljihun dama, ya taɓa na hagu. Madam Bikitori ta ce wa 'yan badujala su ƙara sauti.

"Zabi ba su san na sama da na ƙasa ba," in ji Hansatu. "Da wasa ya ƙare, duka biyun suke tsincewa. Shi ya sa ban taɓa ture kowa ba. Waɗanda aka kawo mini su suke gajiya su sauke ƙafa, a ba su rigar faɗuwa. Ni kuwa tunda ban kayar ba, ban faɗi ba, babu rigar da ta yi mini daidai. Sunan nan kakata ce ta zaɓa. Ban ga abin da zan karɓa a madadinsa ba."

Na dube ta da kyau. Ni da nake ganin babu wanda ya kai ni taurin kai, ga wadda ta tsaya har shuka ta ɗauke ta bango.

Sai furen da ke kafaɗarta ya zama kabewa, kabewar ta girma nan take ta kai girman turmi. Nauyin ya fara jan ta gefe. Tsuntsayen suka tashi. Zabi suka matso, wuyansu a miƙe.

"Yanzu, 'yammata!" Madam ta yi ihu. "Yatsa ɗaya ya isa!" Ta ɗaga wata riga mai zare na zinariya, kyakkyawa ce ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba. Malam ma ya ɗaga tasa, fara sol, tana ƙamshi.

"In kin ga dama ki tsaya nesa, 'yar nan," in ji Hansatu, gumi na hawa daga haɓarta zuwa goshi. "In na faɗi da kaina, naki ya tsira."

Na yi tsalle na nufe ta. Jama'a suka ɗauki guɗa. Da na isa sai na sunkuya na sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarta, ta ɓangaren da kabewar ke ja. Ta jingina da ni, na jingina da ita. Kowaccenmu tana riƙe da ƙafarta ta baya. Ƙafa biyu a ƙasa, ɗaya tata ɗaya tawa.

Ganga ta tsaya.

"Wannan kuma mene ne sunansa?" zabuwa ta tambaya.

Malam ya dubi Madam, Madam ta dubi Malam. Aka aika a kira wasu gajerun tagwaye, Ta'adul da Duro, masu raba canjaras. Suka zo da ma'auni suna hamma.

"Ku koma," na ce musu. "Canjaras sai an tashi wasa. Wa ya ce muku mun gama?"

Zabuwa ta karkata kai ta yi tunani. "Gaskiya ne. Ba a tsinko riga ana cikin wasa." Ta cire usur ta zauna a kansa kamar ƙwai.

"Gwaggo, za ki iya tsalle?"

"Ke dai ƙirga mana."

Muka yi tsalle tare. Jijiyar kabewar ta tsinke daga ƙasa, kabewar ta faɗi ta gangara ta watsa zabi. Muka sake yi, muka sake, har muka fita daga filin, ba wanda ya tare mu, don babu dokar da ta ce a wuri ɗaya ake langa. Hazima ma ta tsaya da gudunta ta bi mu da kallo. Muka bi ta bayan gari, ta cikin gonakin da masara ke tsirowa da kai a ƙasa, numfashinta a kunnena, ƙashin kafaɗarta yana sukar wuyana. Ban taɓa ɗaukar kaya ina jin alfahari irin wannan ba.

"Faɗi sunana in ji," ta ce. "Na daɗe ban ji shi a bakin wani ba."

"Hansatu."

Ta lumshe ido. "Madalla. Bari in faɗi naki."

Ta buɗe baki, sai abin da ya fito ya zama tat-tat-tat-tat, da ƙarfi, ba tsayawa.

Injin markaɗen maƙwabta ne. Gari ya waye, ƙafata ta dama ta sage a ƙarƙashina. Inna na tsaye a bakin ƙofa da roba cike da jiƙaƙƙen wake. Ni ce 'yarta ta fari, tun da aka haife ni kunya ba ta bar ta ta kama sunana ba.

"Ke 'yar nan, sai layi ya kai titi za ki tashi?"

Na miƙe a kan ƙafa ɗaya na karɓi robar.

"Barira ce, Inna," na ce.

Ta ɗaga mini muciya, na fita ina ɗingishi.