Tuban Tanko Sha-Miya

Ni na haifi Tanko Sha-Miya, da biro da takarda, a wani ɗakin haya a Gusau. Kafin shi na rubuta wasannin dandali waɗanda ba mai kallo sai iyayen 'yan wasan. Na rubuta wa talabijin wasan manya, aka ce ba gishiri. Sai da na koma rubuta wa yara sannan Allah ya dube ni. Shi Tanko ba a gayyatarsa suna ko biki, amma tukunya ba ta sauka sai ya yi sallama. Yara suka haukace a kansa.

Haliru ne ke fitowa a Tanko. Saurayi ne natsattse, ba ruwansa. Amma in ya naɗe hannun riga ya dubi tuwo yana lumshe ido, ko ka ƙoshi sai ka ji cikinka ya motsa.

To, Haliru ya ga Suwaiba, malamar firamare a Kwatarkwashi, ita ma ta gan shi. Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, Alhaji Arzika, manomin dawa, sai ya kafe kai da fata: ba zai ba Sha-Miya 'yarsa ba. Haliru ya zo mini kamar kazar da ruwa ya daka, wai ni na ja masa. Ni! Da na same shi yana yawon neman aiki da takalmi ɗaya da rabi. Na zazzage shi tas, sannan na hau mota zuwa Kwatarkwashi, don gaskiya tausayinsa ya kama ni.

Na zauna gaban Alhaji ina ta zuba bayani, wasa daban, mutum daban. Ya bar ni na gaji don kaina.

"Malam Shehu," in ji shi, "ni ba yaro ba ne, na san wasa ne. Amma wanda ba shi da abin a jini ba ya suɗe kwano haka."

A hanyar dawowa na yanke shawara: tunda ni na ɓata wa Haliru suna, ni zan gyara masa. Na sa Tanko ya tuba. Ya daina bin ƙanshi, ya koma raba wa maƙwabta abinci, in an ce masa bismillah sai ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi.

Wallahi ban taɓa rubuta abu marar daɗi irin wannan ba. Yara suka watse daga gaban akwatin talabijin. A kasuwar Tsafe wata mai ƙosai ta hana ni gyara, ta ce ni ne na kashe wa jikokinta Tanko. Shugaban shirye-shirye ya kira ni ya tambaya ko wa'azi aka ɗauke ni in yi. Na haɗiye duka, ina cewa in dai an ɗaura auren nan, kowa ya ci kansa.

Ana haka sai Alhaji ya aiko mu zo, ni da Haliru. Tun daga Gusau har Kwatarkwashi nake karanta masa darasi: gidan surukai ne, ko an kawo naman aljanna kada ya kalla, ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙoshi.

Muka tarar da Alhaji a zaure. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Aka shigo da akushi, tuwon dawa ne da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. Alhaji ya ce bismillah. Haliru ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙoshi, daidai yadda na koya masa, har na ji alfahari. Sai na ga fuskar dattijon ta faɗi. Ya ture akushin gefe, ya juya mana ƙeya.

Suwaiba ta yafito ni daga bakin ƙofar cikin gida. Ta ce tun rasuwar innarta Baba ba ya iya cin abinci shi kaɗai, loma ba ta wuce masa. Sai ranar da ake nuna Tanko take ajiye masa tuwo gaban akwatin, yana dariya yana zaginsa, bai sani ba har ya cinye. Tun da Tanko ya tuba, sai ruwan koko, shi ma da lallashi. Girman kai ne kawai ya hana shi faɗa.

Na koma na raɗa wa Haliru ya manta da duk abin da na ce a mota. Ya zaro ido. Na taka masa ƙafa.

Bawan Allah ya naɗe hannun riga. Ya jawo akushin, ya shaƙi tururin, ya lumshe ido. Ya yanko loma wadda ta kusa kai kan jariri, ya yi mata iyo a miya, ya kai baki yana gurnani. Alhaji ya waiwayo. Leɓensa ya fara motsi.

"Dube shi, ɗan banza," ya ce. "Na faɗa muku tuban muzuru ne. Kai, rage mini gefen man shanun!"

Ya matso ya sa hannu. Loma ɗaya, biyu, suna ture hannun juna, har ƙasan akushin ya bayyana. Suwaiba na tsaye jikin ƙofa ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba.

Alhaji ya wanke hannu, ya jingina da bango yana haki.

"Ka turo magabatanka," ya ce wa Haliru. "Suwaiba, akwai saura a tukunya?"