Shafin Jana'izar Baba Zuberu

Ƙarfe sha ɗaya na safe Fausia ta kira ni, ina ofis a Woolwich, a London. Mahaifinta, Baba Zuberu, ya rasu jiya, kuma link ɗin sanarwar jana'iza da aka baza a WhatsApp ya ƙi buɗewa. An canja masallacin da za a yi sallar yau bayan Azahar, sabon adireshin yana shafin ƙungiyarmu, link kuwa ya riga ya zaga group-group da ba ta san iyakarsu ba.

"Yaya Abdul-Hafiz, kada a sallaci Baba da sahu ɗaya," ta ce.

Shekara bakwai ke nan ina kula da shafin ƙungiyarmu kyauta, kuma wallahi na gaji. Ba a tunawa da ni sai ranar da ya lalace.

Tun kafin ta ajiye waya na gane matsalar. Muna da proxy, manhajar da ke tsaye bakin ƙofa tana karɓar kowace buƙata ta miƙa ta ciki. Idan aka nemi /janaza/zuberu, sai ta yanke /janaza tukuna, domin manhajar ciki /zuberu kaɗai ta sani. Makon jiya na mayar da mu sabuwar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, na kwashe komai, na manta layin da ke yankewar. Babu wanda zan ɗora wa laifi.

Gyaran bai fi minti biyu ba. Sai dai ban taɓa yarda wa kowa da mabuɗin sabar ba, yana cikin laptop ɗina a gida, Old Kent Road. Sau nawa Muniru, sakatarenmu, ya roƙe ni kwafi, kullum sai in ce masa sai na samu lokaci.

Na bar ofis na nufi gida, bas ta yi ta jan ciki cikin cunkoso. Ɗaya saura kwata na mayar da layin, shafin ya buɗe, na ga mutane suna ta shiga. Na fita a guje.

Da na isa masallacin a Tottenham, jama'a na ta neman takalmansu. Muniru ya riƙe hannuna ya ce sahu shida aka yi, Fausia na godiya.

Wata huɗu na kwana a falon Baba Zuberu farkon zuwana London, bai taɓa tambayata ranar tashi ba. Sahu shida, babu ni a ko ɗaya.