Sulallan Malam Hamman a Bakin Wuta

Al'amarin ya faro ne a watan Rajab na bara, lokacin da aka sa ranar auren Najeeba. A dangin mahaifiyarta, Hajiya Halimatu Sadiya, tun kakanni, uwa ce ke ba 'yarta awarwaron azurfa ranar tarewa, kuma ba a saye a kasuwa, azurfar gida ake narkawa. Hajiya kuwa ba ta da wata azurfa sai sulalla huɗu da ke cikin akwatin mahaifinta.

Mahaifin nata, marigayi Malam Hamman, ma'aikacin gidan waya ne. Ya shafe shekara talatin yana roƙon alhazai da fatake ragowar canjin da suka dawo da shi daga ƙasashe. Takardun kuɗin Sudan da Habasha da Indiya ya jera su cikin wani babban littafi, sulallan kuwa kowanne ya naɗe shi da auduga. Da aka zo rabon gado, 'yan'uwan Hajiya maza suka ce ba su ga abin yi da kuɗin da ba ya sayen gishiri ba, akwatin ya faɗo hannunta.

Ranar wata Asabar da hantsi ta shiga keke zuwa unguwar Bolari, wajen Malam Ɗantala, dattijon maƙerin azurfa. Bayan sun gaisa ya yi wa auren addu'a, ya kwance audugar da bismilla. Kowane sule sai ya sake shi a kan dutse, ya karkata kunne har ƙarar ta mutu. Biyu riyal ne na Saudiyya irin na da. Na uku, in ji shi, Masar ce ta buga shi don tunawa da babbar madatsar ruwanta, ya nuna mata ginin da bakin farce. Shekara tara sulen yana ɗakinta, ba ta taɓa lura da shi ba. Na huɗu shi ne mafi girma, mai hoton wata sarauniyar Turawa.

"Wannan baiwar Allah ta fi ni sanin gidajen Gombe," in ji shi yana murmushi. "Babu kakar da ba ta rataya ta a wuya ba."

Ya auna su, ya ce za su ba da awarwaro biyu masu kauri. Ya zuba gawayi, ya ɗora kasko. Amma kafin ya taɓa zugazugi, sai ya jawo curin yumɓu, ya fyaɗa shi a tafin hannu, ya danna sulen Masar a kai, ya ɗaga a hankali, ya juya ɗaya fuskar ya sake dannawa.

"Baba, wannan kuma na mene ne?"

Sai ya jawo wasu farantai na katako daga ƙarƙashin benci. Cike suke da busassun faya-fayan yumɓu, ɗaruruwa, kowanne da hoton sule: zaki mai kambi, bishiyar dabino, jinjirin wata, fuskokin sarakunan da Hajiya ba ta san ƙasarsu ba. Ya ce yana saurayi ya taɓa narka wani sule mai hoton jirgin ruwa, bayan kwana biyu ya nemi ya tuna kamanninsa ya kasa, kuma bai sake ganin irinsa ba. Tun daga ranar babu sulen da ya shiga kaskonsa bai bar sawunsa ba.

"Wanda ya zana wannan, Allah kaɗai ya san watannin da ya yi a kansa," in ji shi. "Ni kuwa kafin ki sha ruwa na mayar da shi ruwa. Iyakar abin da zan iya yi masa ke nan."

Hajiya ta ɗauki ɗanyen faifan. Aikin ya fita tsaf, har ƙananan layukan ginin, sai dai rubutun ya koma baibai, kuma in aka sake shi a kan dutse ba ƙara zai yi ba, fashewa zai yi. Ta dubi farantan, ta ga a cikin dukan waɗanda waɗannan sulalla suka bi ta hannunsu, mutum ɗaya ne ya tsaya ya dube su, shi ne mai narka su.

Ta tambaye shi shawara. Ya ce azurfarta ce, amarya kuma tana da nata haƙƙin, shi ba zai zaɓa mata ba. Ya ƙara da cewa in da azurfar kasuwa ya ƙera, ko gwaggon da ta fi kowa ido ba za ta bambance ba. Hajiya ta san gwaggonnin Najeeba, ta san tambayar farko da za su yi da sun ɗaga hannun amarya, ta kuma san ba za ta iya rufe su da ƙarya ba. Za a ce a hannunta al'adar gida ta yanke.

Ta miƙa hannu ta tattara sulallan, ta shiga naɗe su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ka sayo azurfa a kasuwa ka ƙera mata. Duk wadda ta tambaye ni zan faɗa mata gaskiya. Waɗannan ba za a narka su ba."